Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba: Jawabi Ga Taron 'Yan Jam'iyya

Yau maganar iyayenmu za mu yi, watau tsofaffin nan da su ke mance sunan jikokinsu, su fita unguwa su kasa gane hanyar gida. Mu kan ce gigin tsufa ne, wasu su ce sammu, wasu marasa tsoron Allah har su ce tsohuwa mayya ce. To, ku sani ciwo ne, kuma iri iri ne.

Akwai wanda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, shekara da shekaru. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana shi a 1906, har yau kuwa ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Akwai na hawan jini da ciwon sukari, su ne ke lalata jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Wannan ana iya tare shi da wuri, in an sami mai awon jini.

Amma ga inda na ke so ku kasa kunne. Tsohon da jiya ya ke lafiya lau, yau ya tashi yana sambatu, ba gigin tsufa ke damunsa ba. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko sanƙarau, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko buguwa a kai. Irin wannan a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe, gama ya kan warke sarai. Haka kuma mantuwar da ƙarancin bitamin B12 ke kawowa, allura ce maganinta.

To, ina asibitin? A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar mahaukata ta 1958 kuwa, gadon Turawa, sai a 2023 aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta. Mai kuɗi ya hau jirgi zuwa Ingila, talaka a kulle uwarsa a ɗaki.

Sabo da haka kowane reshe ya ƙidayo mana dakunan shan magani na gundumarsa da ba su da abin awon jini, ya kawo sunayensu taro mai zuwa.