Jirgin da Ya Yi Shekara 50 a Ƙarƙashin Ƙanƙara



An nemi in yi magana a kan gyaran jirgin sama da aka yasar, ni kuwa na ga ya fi kyau in kawo labarin jirgi guda ɗaya, don mai sauraro ya auna da kansa.

A ranar 15 ga Yuli 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu jiragen sojan Amurka guda 8 suna kan hanyarsu ta zuwa Ingila, sai hazo ya rufe su, mai kuma ya yi ƙasa, tilas suka sauka a kan ƙanƙarar tsibirin Girinlan. Shida daga cikinsu ƙananan jiragen yaƙi ne samfurin P-38, masu inji biyu da matuƙi ɗaya. An ceto mutanen duka da ransu, amma jiragen aka bar su nan.

Masu neman su daga baya sun zaci share ƙanƙara kaɗan za su yi su ɗauka. Ashe kowace shekara sabuwar ƙanƙara tana hawa kan tsohuwa. Da aka gano wurin a 1988, jiragen suna ƙasa da ƙafa 250 da ɗoriya. Sai aka ƙera wata na'ura mai zagaye da bututun tagulla, ruwan zafi yana bi ta ciki, tana narkar da ƙanƙara tana nutsewa kamar mai haƙa rijiya. Ta wannan rami ma'aikata suka sauka, suka kwance jirgi ɗaya gunduwa-gunduwa, suka fito da shi a 1992.

To, a nan ne aikin gaske ya fara, kuma nan nake so masu shirin shiga aikin gwamnati su kasa kunne. Nauyin ƙanƙara ya lanƙwasa jikin jirgin. Wani attajiri, Roy Shoffner, ya kai shi garin Middlesboro a jihar Kentaki, aka shiga bin sa ƙusa-ƙusa. Kowane ƙarfe sai an wanke, an auna shi da zanen kamfanin da ya ƙera jirgin tun asali, sannan a yanke shawara: a miƙe shi, ko a ƙera sabo. Mota in ta mutu sai a tura ta gefen hanya. Jirgi kuwa ba shi da gefen hanya, don haka ba a yarda da "ai zai yi". Sau nawa muka ga tarakta ko janareta a bayan ofis, ciyawa ta cinye, alhali abin da ya kashe ta bai kai tafin hannu ba? Ba a rasa makaniki ba, an rasa wanda zai zauna ya rubuta abin da ya lalace.

Gaggawa kuma tana da nata sakamako. A 1995 waɗansu sun gyara wani babban jirgi, Kee Bird, a can Girinlan, suka nemi tashi da shi daga inda yake. Mai ya zuba daga tankin wani ƙaramin inji a cikinsa, wuta ta kama, ya ƙone ƙurmus suna kallo.

Shi kuwa na Kentaki, wanda aka laƙaba wa suna Glacier Girl, shekara 10 aka yi a kansa. A watan Oktoba 2002 matuƙi Steve Hinton ya tashi da shi a gaban dubban jama'a. A 2007 aka yi niyyar ya ƙarasa tafiyar nan tasa ta Ingila, amma ruwan sanyaya inji ya yi yoyo, aka tsayar da shi a Goose Bay ta ƙasar Kanada.