Tarin Fuka da Ziyarar Gida



Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Maganata a yau ta shafi abin da ƙafar nan kan kwaso ba da sanin mai ita ba, wato tarin fuka.

Mu ɗauki misalin Ingila. Fiye da kashi 70 cikin 100 na masu wannan cuta a can a wasu ƙasashe aka haife su, musamman Indiya da Pakistan. Likitocin garin Blackburn sun daɗe da lura cewa wasu 'yan asalin waɗannan ƙasashe, har da waɗanda aka haifa a Ingila, sukan kamu bayan sun ziyarci ƙasar kakanninsu.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya gano a 1882, iska take bi idan mai ita ya yi tari. Baƙon da ya sauka a otal bai cika haɗuwa da ita ba. Ɗan gida kuwa makonni yake yi yana kwana ɗaki ɗaya da dangi, yana gaida marasa lafiya. Idan ya shaƙe ta, tana iya kwantawa a jikinsa shekaru ba alama, kuma mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ɗauke da ita ne take tasar wa. A jikin ƙananan yara ta fi saurin tashi, har takan kai ga ƙwaƙwalwa.

Hukumomin Ingila suna neman takardar gwaji daga mai zuwa zaman fiye da wata 6 idan ya fito daga ƙasar da cutar ta yi yawa, amma ba a tambayar mazaunin da ya dawo daga hutu. A 2005 kuma suka daina yi wa 'yan makaranta allurar BCG gaba ɗaya, suka mai da ita ga jariran da ke cikin haɗari.

Jama'a, Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, saboda haka zancen ya shafi 'ya'yanmu da ke London. A yi wa yaro allura kafin a kawo shi. Wanda ya koma da tarin da ya wuce mako 2, ko zufar dare, ko rama, ya gaya wa likita inda ya je. Mai tari a gidanmu kuma a kai shi asibiti tun baƙi ba su iso ba; maganin wata 6 ne, yana kuma warkarwa.