Jawabi a Kan Makullin Bindigar Farauta In Ya Yi Tauri



Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa da suka komo daga ci-rani, ina gaishe ku baki ɗaya. Shugabannin ƙungiya sun umurce ni in yi bayani a kan bindigar farauta mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, da abin da za a yi in makullinta ya yi tauri. Hanyar da za mu bi ita ce wadda muke koya wa yara a lakwal: a gane tambaya tukuna, sa'an nan a nemi amsa.

Irin wannan bindiga akwai Browning ta Beljik, da Baikal ta Rasha, da Falcor ta kamfanin Manufrance a Faransa. Ƙirarsu ta yi kama da juna. A bisa wuyan bindiga akwai ɗan ƙarfe da ake turawa dama da babban yatsa, shi ne makulli. Aikinsa jan sakatar da ke ciki, wadda ke riƙe bakunan biyu. In sakata ta ja baya, bindiga ta buɗe, a fid da kartushi. Sifirin kuma shi ke maido su wurinsu. Saboda haka in makulli ya cije yayin da kartushi ke ciki, mutum na riƙe da abin da bai iya saukewa, a gida mai yara.

Kafin kome, a sa maɓallin tsaro, a raba yatsa da kunama, a juya baki wajen da ba mutum ba dabba. In ta ƙi buɗuwa da harsashi a ciki, kada a buge ta da guduma ko dutse, kada a ɗora ta mota. A aje ta nesa da mutane, a kira mai gyara. In ta buɗu, an tabbata bakunan biyu fanko ne, sai tambayoyi uku.

Ta farko: yaushe take tauri? In sai bayan an harba, laifin yakan zama na kartushi ko na allurar da ke dukansa. A duba gindin kwankon da aka fitar. In allura ta huda shi, ko ta bar ƙarce kamar an ja ƙusa, ba ta komawa baya ke nan, datti ya riƙe ta ko sifirinta ya mutu. A duba rubutun jikin bakin kuma. In an rubuta 12/70, to kartushi mai tsawon milimita 70 take ci. Wanda ya sa mata mai 76 ya ƙara mata matsin da ba a ƙera ta dominsa ba, kuma fuskarsa ce mafi kusa da wurin.

Ta biyu: in kullum take tauri, a cire katakon gaba, a zare bakunan, a bar makulli shi kaɗai. A yawancinsu zai tsaya a dama, har sai an danna ɗan ƙarfen da ke riƙe shi. A tura shi a ji. In har yanzu yana cijewa, ciwon na ciki ne: busasshen mai, ko tsatsa, ko sifirin da ya karye, ko katakon ƙota da ke gugar ƙarfe. A nan ƙasar Djado na farkon ya fi yawa. Iskar Tenere tana shigar da rairayi ko'ina, shi kuwa in ya gamu da mai sai ya zama kamar taɓo mai tsakuwa. Gishiri da kanwa na Kawar, daga Segedin har Bilma, su ke kawo tsatsa ko da ba damina. Magani: kananzir kaɗan, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma mai tsabta. In ta bushe, ɗigo ɗaya na man bindiga ko man keken ɗinki ya isa. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, baƙin man mota kuwa datti ne tun asali.

Ta uku: in makulli na tafiya sumul shi kaɗai, amma ya yi tauri da an maida bakunan, a duba inda sakata ke kama su. A goge wurin, a nemi rairayi ko tabon ƙarfe. Rufe bindiga da ƙarfi kamar ƙyauren gareji yana cusa sakata fiye da kima. A lura kuma da inda makulli ke tsayawa in an rufe. A sabuwar bindiga yana ɗan karkata dama, wannan ba ciwo ba ne, da aiki zai sassauta. In ya wuce tsakiya ya koma hagu, sakata ta cinye, sai mai gyara. Kada kowa ya sa mata magagari. Ƙarfen da aka goge ba ya komowa, sakata mai sako-sako kuwa tana iya saki lokacin harbi.

Saura magana ɗaya ga matasa. Tun da aka ga zinariya a Djado a 2014, har gwamnati ta rufe wurin a 2017, kaya iri-iri sun shigo hannun mutane ba takarda. Bindiga sai da izinin hukuma, farauta kuma dokar 1998 ta tsara ta, ta kare dabbobin da suka kusa ƙarewa. Wanda ba shi da takarda, gyaran da ya fi masa shi ne ya je ya daidaita da hukuma.

Dattawa, ku ne kuka ce mana dabara ta fi ƙarfi. Muna roƙo ku riƙa tuna wa yaranku, musamman waɗanda ba su samu zuwa yau ba. Allah shi kiyaye mu da tsautsayi, shi ba mu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.