KOFATO GINSHIƘIN DOKI



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne kofaton doki da masu gyaransa, musamman a ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowa ya san darajar doki a wannan masarauta, ko a hawan salla ko a kasuwar Maigatari da ke ci ran Alhamis a bakin iyakar Nijar. Amma ran hawa idon jama'a yana kan sirdi da linzami da adon mahayi, alhali kuwa duk wannan ado bisa kofato huɗu yake tafiya.

Da farko ya kamata mu san ko mene ne kofato. Masana sun nuna cewa doki a kan yatsa guda yake tafiya a kowace ƙafa, kofato kuwa shi ne farcen wannan yatsa. Yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka sai ya yi kusan shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa. Ke nan ɓarnar yini guda tana iya cin shekara ba ta gyaru ba. Bugu da ƙari, ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa ɗingishi ya fi kama su.

Kakanninmu ba su saba sa wa doki takalmin ƙarfe ba, kuma ba rashin sani ya hana su ba. Ƙasarmu jigawa ce, dokin da ke tafiya kullum cikin rairayi kofatonsa yana cinyewa daidai da yadda yake tsirowa. Yau kuwa al'amari ya sake. Doki ya wuni a turke har kofato ya yi tsawo ya tsage, sa'an nan ran biki samari su hau shi su yi ta sukuwa bisa kwalta, wadda ke cin kofato kamar magagari.

To, mene ne abin yi? Na farko, kullum mai kula da barga ya ɗaga ƙafar doki ya sakace kashi da tsakuwa. Da damina, in doki ya daɗe tsaye cikin fitsari da caɓi, wurin nan mai taushi da ke tsakiyar tafin kofato yakan ruɓe, ya yi baƙi, ya riƙa wari. Babban maganinsa shara da busasshen rairayi. Na biyu, a datse kofato bayan kowane mako 6 zuwa 8, a daidaita shi da magagari yadda zai zauna daram a ƙasa. Masu bari sai jajiberin salla su tuna ba a fafe gora ranar tafiya, domin dokin da aka zurfafa wa yanka yakan kwana biyu yana jin zafin taku. Na uku, a kula da abinci. In aka cika wa doki gero ko dawa farat ɗaya, naman da ke riƙe kofato daga ciki yakan kumbura, ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya. Wannan ciwo yana iya nakasa ingarma har abada. Na huɗu, in ƙusa ta soki tafin ƙafa a nemi likitan dabbobi nan da nan, gama doki na cikin dabbobin da ciwon sarƙewar haƙora ya fi saurin kashewa.

Dokin da aikinsa bisa kwalta yake shi ne mai bukatar takalmi. Ƙa'ida ita ce a ƙera takalmi daidai da kofato, kada a sassaƙe kofato don ya shiga takalmi. Ƙusa kuma gefen kofato take bi inda babu jini, in ta kauce kaɗan ta taɓa nama doki ya gurgunce. Saboda wannan haɗari ne Ingila ta yi doka a 1975 wadda ta hana wanda ba shi da rajista sa wa doki takalmi.

'Yan'uwa ɗalibai, a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Wannan abin alfahari ne ga duk ƙasar Hausa, amma hawa ba ya yiwuwa sai da lafiyayyen doki. Muna da maƙera masu hannu, muna da dattawan barga masu ido, muna kuma da likitocin dabbobi da jami'o'inmu suka horar. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda, kowa ya koya wa ɗan'uwansa. Ina roƙon duk wanda ya je gida hutu ya zauna da waɗannan dattawa, ya rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.