Ɗanyen Wake

Ga kaka ta zo, ɗanyen wake ya shigo kasuwannin Zango da Mai'aduwa. Kada ku raina shi. Yaron da aka yaye bisa kunu zalla, shi ake kawowa ɗakin magani ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja. Wake kuwa yana gina jiki, ga araha.

Uwargida, ki zaɓi kore shar, ki wanke sarai, don ana yi masa feshin magani a gona. Ki dafa da ɗan gishiri har ya yi laushi. Ban da kanwa, tana rage amfaninsa. A ci tare da tuwo. Na yaro, ki ɓare, ki dagargaza da cokali ɗaya na man gyaɗa.