Koya Wa Yara Ƙidaya Kashi-Kashi

Jawabin da aka yi wa malaman firamare da iyayen yara a garin Gombe. Mun buga shi saboda 'yan'uwanmu mazauna Kurmi.



Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, amma shi ne harsashin lissafi duka. Sau da yawa mutum zai shiga aji ɗaya ya tarar yara suna rera ɗaya har ɗari kamar waƙa, malam yana murna. To, zuba wa ɗayansu tsakuwa talatin, ka ce ya raba wa mutum biyar, sai ya yi zuru. Bakinsa ya san sunayen lambobi, hannunsa bai san yawansu ba.

Kakanninmu ba haka suka koya ba. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri a Tasawa: biyar-biyar ake ja, sa'an nan a yi tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Wuri 20 shi ne hauya, 20,000 kuwa keso. Kafin naira ta zo a 1973, duk yaron da ake aike kasuwa ya san taro, sisi, nai, sule, watau kwabo 3, 6, 9, 12. Ƙidayar uku-uku ke nan, ya haddace ta tun bai ga allon makaranta ba.

Saboda haka ga shawarata ga malamai. A fara da bibbiyu, da abin da yaro yake gani, kamar takalman da ke bakin ƙofa. Daga nan a shiga biyar-biyar da yatsun hannu: 5, 10, 15, 20. A ja dogon layi a ƙasa, a rubuta lambobi, yaro ya riƙa tsallake yana faɗin inda ya dira.

Sa'an nan a zo goma-goma, kuma nan ya kamata a daɗe. A sa yara su karyo tsinke, su ɗaure kowane goma da zare. Yaron da ya riƙe dami 3 da tsinke 4 a hannu ɗaya, dami 4 da tsinke 3 a ɗaya hannun, ba zai ƙara rikita 34 da 43 ba. Kada a yi gaggawar rubuta alamar sau a allo. Bari ya jera tsibi huɗu na gurya biyar-biyar, ya gano da kansa ashirin ne, ya kuma mayar da ashirin ɗin tsibi huɗu. Ya koyi sau da rabawa ke nan a zama ɗaya, ba kuwa a sayi kome ba.

A yi wannan cikin harshen da yaro yake ji, yadda Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada. Hausa ta riga ta sauƙaƙa mana aikin, gama da ka ce hurhuɗu, yaro ya san kashi ake nufi.

Daga ƙarshe, saƙo ga 'yan'uwanmu da neman halali ya kai Agege, da Shagamu, da Sabo ta Badun. Ku ne kuke ƙirga ƙwaryar goro ɗari cikin ƙiftawar ido, kamar yadda ake ƙirga buhuna a Tudun Hatsi nan Gombe. Kada ku ce lissafi sai malamin boko. Ku zaunar da yaro gefen huhun goro, ku ce ya ware biyar-biyar. Wanda ya saba da wannan tun yana ƙarami ba zai tsorata da lissafin aji huɗu ba, ba kuwa za a cuce shi wajen canji ba.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka. Wassalam.