Saƙon Murya da Zumuncin Bahaushe



Kusan duk takardar da abokan aikina suka gabatar a taron nan kan kafafen sada zumunta, zancen ɗaya ne: TikTok, 'yan rawa, taɓarɓarewar tarbiyya, sannan hukuncin cewa waya ta kashe zumunci. Kun sha ji, ba sai na maimaita ba. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin aljihun kowannenku: saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013.

Kafin wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, ɗan cirani a Kurmi ko mazaunin Makka kaset yake cikawa da magana, ya ba direba ko alhaji ya kai gida. Mai gaisuwa ya sayi katin zaɓi-sonka, ya jira rediyo. Wanda bai yi boko ba kuwa sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, can ma a nemi mai karantawa, asirin mutum biyu ya zama na huɗu. Saƙon murya ne ya sallami waɗannan 'yan tsakiya. Yau tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana danna waya ta yi wa jikanta faɗa a Legas, da muryarta, da tsakinta. Sanarwar rasuwa kan zaga dangi kafin a gama wanka. Matar da ke cikin kulle tana tallar turaren wuta da atamfa, ta yi ciniki, ta karɓi kuɗi, ba ta ɗora wa 'yarta faranti ba. Wane masanin zamantakewa a ɗakin nan ya zauna ya nazarci wannan? An bar shi don ba shi da abin kunya da zai ja hankali.

Za a ce da muryar nan ake yaɗa ƙarya. Gaskiya ne, shi ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019. Amma jita-jita ta girmi intanet a ƙasar Hausa.

Hukuma ita maganinta ɗaya, toshewa. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce an saɓa doka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara don 'yan bindiga. Mutane suka riƙa tafiya har Funtuwa don kawai su ce wa dangi suna raye.

Abin da na daɗe ina nema bai canza ba. A tilasta wa kamfanonin nan ɗaukar masu tace bayanai da suka iya Hausa, har karin Sakkwato da na Damagaram. A koyar da tantance labari a islamiyyu da makarantun yaƙi da jahilci, da baki, tunda da baki yake yawo. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su fara adana waɗannan muryoyi, da izinin masu su.